Ɗaurin Goyo a Kan Ƙuna

Da sunan Allah na fara, wanda Ya ara mini mai ɗakina tsawon shekaru, kuma Ya karɓi abinSa a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzo. Ba dukan jinyarta zan ba da labari ba. Wani yanki ne kawai, wanda ya fi zauna mini a zuciya.

Mai ɗakina mace ce mai jiki, mai dariya, mai son jama'a, amma tana da kunya irin ta matan da. 'Yarmu ta fari, tun ranar da aka haife ta ban taɓa jin uwar ta ambaci sunanta ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko "waccan". Ba ta ɗauke ta a gaban mutane ba, ba ta goya ta ba ko zuwa bakin zaure. Yayata, wadda a lokacin muke gida ɗaya da ita, ita ta yi goyon. Da aka yaye yarinyar kuma, Yaya ta yi aure a Icirnawa ta tafi da ita, sai da ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, aka maido mana ita Matameye. Haka ake yi wa ɗan fari a danginsu da namu, ba wanda ya ga laifin hakan. Sauran yaran duk ta goya su har bayanta ya gaji. Ta farin ce kawai ba ta san ɗumin bayan uwarta ba.

Sau ɗaya ta taɓa yi mini maganar, muna zaune tana tsince wake. Ta ce, "Malam, bari dai yarinyar nan ta yi aure ta haihu. Goyon da ban yi mata ba, ɗanta zan yi wa. Kaka ba ta kunyar jika." Ta faɗa tana dariya, amma na gane ba wasa take yi ba.

Yarinyar ta yi aure a Kurni. Ta ɗan jima ba ta samu ciki ba, kuma shekarar da Allah Ya ba ta, ita ce shekarar da aka gano ciwon daji a nonon uwarta na hagu. An yi mata aiki a Damagaram aka cire nonon. Aka yi mata ƙarin ruwan nan mai ƙarfi da suke kira shimiyo, gashin kanta ya zube, bakinta ya daina jin ɗanɗano. Da aka gama, likita ya ce saura mataki ɗaya, sai mun je Yamai, inda ake da na'urar da ke haska wurin don ta kashe abin da wuƙa ba ta gani ba. Masu jinya a can "haske" kawai suke ce masa, mu ma muka bi bakinsu.

Mun isa Yamai da shigowar bazara. Kafin a fara, wata malamar asibiti, Bahaushiya daga wajen Tasawa, ta zaunar da mu. Ta dubi wurin aikin, ta ɗaga mata hannu ta duba ƙarƙashin hammata, sannan ta ce, "Inna, hasken nan ba za ki ji zafinsa ba lokacin da ake yi, amma fata tana ajiye shi. Wasu matan fatarsu duhu kawai take yi, ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, ta wuce. Wasu kuma sai ta saɓule ta riƙa ruwa. Ke ina tsoron kina cikin na biyun."

Mai ɗakina ta ce, "Ikon Allah! Me na yi miki, 'yar nan, daga zuwa?"

Malamar ta yi murmushi. "Ba ki yi mini komai ba. Kina da jiki, kuma inda fata ta ninku, kamar nan, zufa na kwanciya, fata na gugar fata, daga nan ƙuna take farawa. Kina da ciwon sukari, shi kuwa yana hana rauni saurin warkewa. An yi miki shimiyo, fatar ba ta gama farfaɗowa ba. Ga shi kun zo cikin zafi. Kina shan taba?"

"Taba? A'uzubillahi! Malam, kana zaune ana yi wa matarka wannan tambaya?"

"Kowa muke tambaya, Inna, don mai shan taba ƙunarsa ta fi muni."

"To ni rake nake sha. Na Dungu."

"Shi ma a rage."

Daga nan ta jera mata abubuwan kiyayewa. Kada ruwan zafi ya taɓa wurin, kada ta cuɗa da soso, kada ta shafa humra ko wani turare ko maganin gida, kada rana ta buge shi, kada ta tsaya kusa da wuta. Riga sakakkiya ta auduga za ta riƙa sawa, ta bar ɗaurin ƙirji, domin bakin zane daidai kan wurin yake bi. Ta ƙara da wata magana da ta nanata har sau biyu, cewa ranar da aka gama hasken ba ranar da ƙuna take tsayawa ba ce. Bayan an gama ne ma take ƙara tsananta na ɗan lokaci, kafin ta fara sauka.

Mai ɗakina ta ce, "Goyo fa?"

"Goyon wa, Inna?"

"Wata yarinya ce za ta haihu a gidanmu."

Ni na fassara wa malamar cewa 'yarta take nufi. Malamar ta ce, "Allah Ya sauke ta lafiya. Ki ɗauke shi a cinya, ki yi masa wasa, hasken ba ya bin jikinki ya cuci jariri. Amma goyo, ki bari sai fatar ta warke sarai. Ƙullin majanyi a kan wurin zai zauna."

Na rubuta duk abin da ta faɗa da ajami a bayan katin asibiti, kullum da safe ina karanta mata. Har ta ce, "Malam, ka mayar da maganar 'yar Tasawa wuridi."

Makonnin da muka yi a Yamai ta kiyaye. Kullum ban da ranakun hutu mukan je, ta kwanta a ƙarƙashin na'urar, hannu a sama, jim kaɗan ta fito. Sun zana mata layuka da tawada a ƙirji don su riƙa gane wurin, ita kuwa takan ce an mayar da ita allo. Da farko ba a ga komai ba. Sannu a hankali wurin ya yi duhu, ya ɗauki zafi, ƙarƙashin hammatar ya fara ƙaiƙayi. A ɗakin da muka kama haya, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, sai in zauna ina yi mata fifita da mafici don kada zufa ta kwanta. Ranar da aka sallame mu fatar ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, tana sheƙi, amma ba ta fashe ba. Malamar ta ba mu man shafawa na asibiti, ta so mu ɗan ƙara kwanaki a Yamai don ta riƙa dubawa. Amma an riga an bugo waya cewa yarinyar ta zo gida goyon ciki, wata ya tsaya mata. Mai ɗakina ta ce ko da rarrafe sai ta tafi.

Tafiyar wuni guda ce da ɗoriya a cikin kar, babbar motar fasinja, cikin zafin da ko ruwan gora sai ya koma kamar an ɗora shi a wuta. Kafin mu kai Takeita rigarta ta jiƙe da zufa. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai na ga tana riƙe da hannun hagu nesa da jikinta.

Mun tarar da Yaya ta zo daga Icirnawa ta karɓi gida. Ta tsufa, amma bakinta bai tsufa ba. Har lokacin "Amarya" take ce wa mai ɗakina, kamar jiya aka kawo ta. Ta ce, "Amarya, sannu da Yamai. Ki shiga ɗaki ki kwanta. Ni na yi wankan uwar, ni zan yi na 'yar, ba sabon abu ba ne a hannuna."

Mai ɗakina ta ce, "Yaya, ki huta. Ina raye wata ta yi wankan jego a gidana?"

"Wata? Yau ni ce wata? Malam, ka ji abin da Yamai ta koya mata."

Aka yi dariya, aka bar maganar.

Ba a jima ba yarinyar ta sauka, ta samu namiji. Da asuba ta farko bayan sun dawo daga asibiti, na fito zan tafi masallaci, sai na ga wuta a bayan ɗaki. Mai ɗakina ce tsaye a kan babbar tukunyar wanka, tana tura itace, tururi na dukan ƙirjinta. Ta cire sakakkiyar rigar ta yi ɗaurin ƙirji, don ba a aikin ruwa da riga mai ja. Wanda bai san wankan jego ba, ruwa ne ake tafasawa har ya yi ƙara, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki, safe da yamma. Mai yin wankan ita ma tana shan rabonta na tururi da fantsama.

Na ce, "Ke, me malamar nan ta ce game da wuta?"

Ta ce, "Ai an gama hasken, Malam."

"Ta ce bayan an gama ne ya fi."

"To na ji. Tafi kada ka rasa jam'i."

Na yi wa Yaya magana. Ta yi iya ƙoƙarinta, ta riƙa rigan ta tashi don ta hura wutar. Suka koma tsere, tsofaffi biyu, kowace na son ta riga 'yar uwarta zuwa gindin murhu. Wani lokaci Yaya ta yi nasara, wani lokaci a'a. Da wankan ne kaɗai, ina jin da an shawo kansa. Goyon ne ya fi ƙarfinmu.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, yarinyar ma yanzu uwar ɗan fari ce. Kunyar da aka yi mata ita ma ta gada. Gida cike da 'yan barka, jariri na kuka, ita kuwa ta kau da kai kamar ba ta ji ba, domin in ta yi saurin ɗaukarsa za a ce ba ta da kunya. Nono ma sai an tura ta ƙuryar ɗaki. Yaron kuwa mai kuka ne, a hannu ba ya yin shiru. Yaya bayanta ya riga ya sunkuya, in ta goya shi ba ta iya miƙewa. Da cibiyarsa ta faɗi, mai ɗakina ta ɗauke shi ta ce, "Zo nan, angona, duk sun ƙi ka, ni ina so." Ta sunkuya, ta ɗora shi a baya, ta ja zane ta ɗaure, ta kawo majanyi ta ƙulle a ƙirji. Yaron ya yi tsit.

Na ga fuskarta lokacin da ta ja ƙullin. Ta runtse ido, ta cije leɓe. Da ta buɗe idon kuma sai na ga wani farin ciki da ban ga irinsa a fuskarta ba tun kafin ciwon. Ta shiga zagaya tsakar gida tana jijjiga shi, tana yi masa tsiya. "Miji ba ko sisi, sai kuka. Kai da me za ka riƙe ni? Ko goro ba ka kawo ba."

Na kira ta gefe na ce ta sauke shi. Ta ce, "Malam, shekara nawa ina jiran wannan? Kai ka sani. Ka bar ni." Ta faɗa a hankali don kada wani ya ji. Na sake yin magana washegari, da jibi. Takan ce to, ta sauke shi, in na fita zaure ta mayar. Yaya ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce, "Amarya, wai ke jika a kanki aka fara?" Mai ɗakina ba ta iya faɗa mata dalili ba. Faɗin dalilin daidai yake da ta tsaya a gaban mutane ta ce tana son 'yarta ta fari, wannan kuwa bakinta ba zai iya ba.

Ranar suna, tun da aka shafa fatiha mata suka cika gidan. Aka kafa tukwane a tsakar gida, rana ta take. Yaron na bayanta tun hantsi, tana kai da kawowa tsakanin baƙi, wannan ta ce a juyo da shi ta gani, waccan ta ce ya ɗebo hancin kakansa. 'Yan uwanta na Dungu sun zo da rake, ta sha, ta sha kunun zaƙi, ba wanda ya tuna da sukari. Bayan la'asar ina zaure da baƙi maza, sai Yaya ta leƙo ta ce in zo.

Na tarar da ita zaune a bakin gado, an karɓi yaron. Majanyin ya kwance, amma zanen ya ƙi fita. Ya manne da naman ƙirjinta tun daga tabon aiki har cikin hammata. Ashe fatar ta kwana biyu da fashewa, tana sa tsumma a ƙarƙashi tana rufewa. Yaya ta kawo ruwa mai sanyi tana ɗiga wa zanen kaɗan kaɗan, tana janyewa, fatar na biyo shi. Abin da ke ƙasa ja ne jawur, yana tsattsafo da ruwa, gefensa ya fara wari. Yaya tana yi tana kuka, tana cewa, "Kin cuce mu, Amarya, kin cuce mu." Ita kuwa sai salati take yi. Jikinta zafi rau.

A asibitin garinmu aka kwantar da ita. Likita ya ce ƙunar ta kamu da ƙwayoyin cuta, sukarinta kuma ya hau sosai, shi ya sa naman ba zai yi saurin haɗuwa ba. Kullum sai an wanke an sake fansama, wato ɗaurin rauni, kuma wankin nan ko namiji sai ya yi ƙara. Na buga wa malamar Yamai waya na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ko da an kiyaye komai, mai jiki irin nata da sukari tana iya samun ƙunar, sai dai da wuya ta kai haka. Ta ce in gaishe da Inna, in ce mata 'yar Tasawa tana yi mata addu'a.

Da zazzaɓin ya sauka aka sallamo ta, ta dawo gida da ƙirji naɗe da bandeji, ana kai ta asibiti wankin raunin. Yaya ta ci gaba da wankan jego. An samo wata maƙwabciya tana taya goyo. Mai ɗakina tana kwance a ɗakinta a kan gefen dama, tana jin kukan yaron a tsakar gida, tana jin lokacin da ya yi shiru a bayan wata. In an kawo mata shi ta ɗora a cinya, ta yi masa wasa kaɗan, sai ta ce a ɗauke shi, hannunta ya gaji. Dariyar nan tata ta ragu ƙwarai.

Aka yi arba'in, raunin bai rufe ba. Dangin mijin yarinyar suka aiko da mota daga Kurni. Da hantsi aka gama ɗaure kaya, yarinyar ta shigo sallama, ina zaune a ɗakin. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, yaron na hannunta, kanta a ƙasa. Ta ce, "Inna, za mu tafi. Allah Ya ƙara sauƙi."

"Amin. A gaida mutanen gidan. Ki riƙa shan kunun kanwa."

"To."

Yarinyar ta yunƙura za ta tashi, sai uwar ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Malam, ce wa yarinyar nan ta ɗora mini shi a baya. Ba sai an ɗaure ba."

Na taimaka mata ta tashi zaune, ta juya fuska ga bango, ta ɗan sunkuya. Yarinyar ta matso ta kwantar da yaron a bayanta. Da yake babu zane babu majanyi, dole ta riƙe shi da hannu, ta durƙusa a bayan uwar, tafinta ɗaya a ƙarƙashin yaron, ɗayan a kan kafaɗar uwarta ta dama. Tun da nake da su ban taɓa ganin hannun ɗaya a jikin ɗaya ba sai ranar. Mai ɗakina ta fara jijjiga a hankali, gaba da baya, yarinyar na bin ta don kada yaron ya zame. Na ga kafaɗun yarinyar suna rawa, sannan ta kifa goshinta a bayan wuyan uwarta, kusa da kan ɗanta. Uwar ba ta ce ta ɗaga ba.

Direba ya yi oda a waje. Yaya ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce rana na yi. Mai ɗakina ta ce, "To, ɗauke shi. Ya yi nauyi." Yarinyar ta ɗauke shi ta fita da sauri, mayafi a fuska. Uwar ba ta juyo daga bangon ba har ƙarar motar ta ɓace.

Fatar ba ta gama rufewa ba sai bayan damina, ta bar tabo mai tauri, fari da baƙi. A lokacin kuma ciwon ya riga ya koma ƙashin bayanta, ko tsayuwar salla ba ta iyawa, a zaune take yi. An kawo yaron sau da dama, yana zama, daga baya yana rarrafe, yana jan bakin zanenta. Takan ce masa, "Angona, ka yi haƙuri, matarka ta tsufa." Ba ta sake goya shi ba. Ta rasu kafin ya fara tafiya.

Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ya sanyaya mata makwanci. Ya raya yaron bisa tafarkin addini, Ya ba uwarsa haƙuri, ni ma Ya ba ni.